Cokali a Ƙarƙashin Kujera

Ɗanliti ya sauke ni a ƙofar gida, can cikin Hanwa,
ya shigo da jakar, ya ce, "Hajiya, wa zan kira miki?"
Na ce babu kowa.
Ya tsaya yana juya makulli a yatsa,
sannan ya tayar da kekensa a hankali,
kamar ƙarar injin ma tana iya taɓa ɗinkin.

Huda biyar likita ya yi mini, ƙanana,
ta nan aka fitar da mafi yawan tumbin
da na yi shekara arba'in da shida ina yi wa bauta.
Abin da ya rage, in ji shi, bai fi ayaba ba.

Ruwa cokali ɗaya, a dakata.
Wani cokalin, a dakata.
Ni da nake shanye kwanon fura a tsaye,
yau agogo ke ba ni izinin haɗiya.

Da la'asar cokalin ya suɓuce,
ya yi ƙara a siminti, ya shige ƙarƙashin kujera.
An hana ni sunkuyawa.
Na dube shi, ya dube ni.
Da akwai ko yaron maƙwabta a ɗakin nan
da maganar ta ƙare kafin ta fara.
Na ɗauki wani a kwando, na bar shi nan.

Dare ya fi rana tsawo.
Tari in zai zo sai na rungume matashi,
in ce masa bismilla, shigo a hankali.
Tireloli na gurnani a Kwangila,
an ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
na yi wa kaina allura da hasken waya.
Salla a zaune.
Goshina na kewar ƙasa.

Yaya Indo ta bugo daga Gusau:
"Ƙiba ai ba cuta ba ce, wa ya aike ki?"
Ba ita ce ke tsayawa a tsakiyar matakalar ofis a Samaru ba,
tana kara waya a kunne, babu mai kira,
don kada ɗalibai su gane numfashi take nema.
Ban faɗa mata ba. Na ce, "Ki gaishe da yara."

Kwana na biyar Tasalla ta aiko da tuwon shinkafa,
miyan taushe har da tantaƙwashi,
Allah Ya saka mata, ba ta sani ba.
Na buɗe kwanon, tururi ya dafa mini fuska,
sai ga hawaye.
Ba yunwa ba ce, yunwar an yanke ta.
Shi ne ke jirana in na dawo aiki,
shi ne bai taɓa tambayata ina mijina ba.
Na tace romon da rariya, na sha cokali uku.
Sauran na miƙa wa maigadi ta taga.

Daga ƙofar ɗaki zuwa gindin gwaiba taku goma sha huɗu ne.
Shekara tara a gidan nan, sai yanzu na ƙirga.
In je, in dawo, in zauna.
Gobe sau biyu.
Zanina ya fara neman ƙarin ɗauri,
ban yi murna ba tukuna, ban kuma fasa dubawa ba.

Yau kwana goma sha biyu.
Bayan asuba na dafa bango,
na lanƙwasa gwiwa, ba baya ba, yadda nas ta nuna,
na sauka kaɗan kaɗan kamar guga a rijiya mai zurfi.
Ga shi nan, ƙura ta rufe shi, gizo ya fara saƙa a kansa.
Na ɗauka.
Babu wanda ya gani.
Na wanke shi, na ɗora ruwan kunu,
na zauna ina jira ya tafasa.