Lissafin Baduku

Da hantsi na baje kayana a bakin Kasuwar Dole:
takalma goma sha ɗaya, kube biyu, alabe ɗaya,
ƙanshin bagaruwa bai gama barin jikinsu ba.
Maƙwabcina Kyari ya kwance dila,
takalman roba suka zubo kamar fara a gonar gero,
shuɗi, ruwan hoda, mai walƙiya,
dala ɗari kacal.
Nawa kuwa jaka huɗu.

Ban ga laifin Kyari ba, bakuna bakwai ke jiransa.
Ban ga laifin mai saye ba:
aljihu ne ke zaɓe, ido rakiya ya yo.

Amma bari in buga lissafin a fili.
Akuyar nan daga Mirya aka koro ta.
Mai kiwo ya samu, mahauci ya samu,
majemi ya samu, da hannunsa da toka ta cinye,
yarinyar da ta tsinto bagaruwa a Tirmini ta samu,
haka tsohuwar da ke kawo mini karan dafi.
Kafin takalmina ya taka ƙasa
tukwane biyar sun hau murhu.

Na roba fa?
Kuɗinsa mota ya hau, ya sauka Kwatano,
ya shiga jirgin ruwa bai ko waiwayo ba.
Wata uku maɗaurin ya tsinke.
Ga shi can a kwata, shi da leda 'yar uwarsa,
inda akuya ke kiwo, ta haɗiye, ta kumbura,
ta mutu da fatar da nake jira.

Wadda ta tsira kuma, ɗanya ake loda ta,
a bi da ita ta Matamai, ta tsallake iyaka,
ta dawo da sunan da ban iya karantawa
da tsadar da ban iya tayawa.

Na je banki. Suka ce ina takardar fili?
Na nuna musu basilla. Suka yi murmushi.
Mai patanti shi kaɗai bai taɓa manta rumfata ba.

Sai muka yi adashi, mu shida, badukan Birni,
muka sayi keken ɗinki ɗaya, kowa da ranarsa.
Tawa Laraba.
'Yata Lantana ta ɗauki hoto da salula,
wata a Yamai ta ce a kawo takwas.
Lantana ta ce, Baba, sa musu lamba,
ka daina auna ƙafar mutane da ido.
Shekara talatin ina aunawa da ido!
Na yi fushi kwana biyu.
Na uku na sa lambar.

Jiya wani makiyayi, Jauga, ya zo daga Tanut
da takalmin da na ɗinka masa damina bakwai baya,
dunduniya kawai ta side.
Dala ashirin na karɓa, ya tafi yana sa albarka.
Har yanzu ban san gidan da zan rubuta shi ba,
riba ko hasara:
abin da ya ƙi mutuwa ya hana ni sabon ciniki,
shi ne kuma ya dawo mini da mai shi.

La'asar ta yi. Na sayar da biyu, Kyari arba'in.
Ya tashi zai yi alwala,
ya tuɓe takalminsa a bakin tabarmata.
Na duba.
Ɗinkina ne.