Uwar Allo

Sati uku tana ciwo kafin in yarda.
Ina tsakiyar lissafin dambun da na kai biki a Harehills
sai fuskarta ta yi shuɗi, ta ɗauke,
ta farfaɗo da kanta ba wanda ya yayyafa mata ruwa,
ta ce min yau ɗaya ga Janairu
alhali ganyen titinmu bai gama zuba ba.

Sallau ne ya haɗa ta yana ɗan shekara sha biyar,
da kuɗin rabon jarida a sanyin asubar Leeds,
yau fanka, wata mai zuwa akwati.
Yanzu yana Aberdeen, karatu ya tafi da shi.
Ya ce, "Inna, buɗe cikinta ki haska min."
Na haska. Ya yi jim.
"Kin ga 'yan gwangwanayen can biyu
da kansu ya kumbura kamar ƙosai?
Uwar allon ce ta gaji."

Uwa kuma?
Na san uwar ɗaki, na san uwar kuɗi,
ban san da uwar da ake odarta ranar Talata ba,
ta iso Alhamis cikin kwali,
mai kawowa ya ajiye ta bayan kwandon shara.

Asabar. Yayyafi na lasar tagar kicin.
Na shimfiɗa tsohon zani a tebur,
na jingina waya da gwangwanin madara don ya gan ni.
"Taɓa ƙarfen hita tukuna,
wutar jikinki na iya kashe ta."
Shekara ashirin da uku ina taɓa ka da hannun nan, yaro,
ga ka nan har da gemu.

Sukuru tara, na zuba su a murfin kwalbar yaji.
Wayoyi kuwa, kowace da bakinta,
wata ta saki da lallashi,
wata sai da ta yanke ni a ɗan yatsa.
Na ɗago ƙwaƙwalwar, 'yar mitsitsiya,
ko girman akwatin ashana ba ta kai ba,
na riƙe numfashi har ta zauna a sabon gurbi.
"Man nan kamar ƙwayar wake za ki ɗiga, Inna,
ba yadda kike zuba manja ba."
Na harare shi. Na ɗiga wake ɗaya.

La'asar ta shige cikin magariba, haka garin nan yake.
Na danna.
Shiru.
Firji kaɗai ke gurnani.
Na sake dannawa, gabana ya faɗi,
na tuna fam tamanin da biyar, na tuna dambu nawa ke nan.
Can ya ce, a hankali, "Makunnin baya fa?"

Fanka ta juya.
Ƙara ɗaya, siririya, kamar ta ɗan tsako.

Komai na nan:
lissafina, masu bashina,
hoton ranar da muka sauka Manchester da riguna marasa kauri.
Ashe ajiya ba a jikin uwa take ba.
Ita hanya ce kawai,
kowa ya bi ta kanta ya isa wurin ɗan'uwansa.

Sukuru ɗaya ya yi saura a murfin yaji.
Ya ce ba komai, shi ma haka ya yi.
Ya ce tsohuwar a kai ta jujin hukuma,
ya ce shinkafarsa na ƙonewa,
ya kashe.

Na ɗaga ta a hasken ƙwan lantarki.
Koriya, da 'yan tituna da lunguna,
kamar Zariya ta tagar jirgi.
A gefe guda, cikin busasshen mai,
ga shatin babban yatsansa
lokacin da bai kai nawa ba.

Jujin yana buɗe har ƙarfe huɗu gobe.
Na naɗe ta a zanin
na ɗora saman kabad.