Digiri Ɗaya da Rabi

Bobbo mai gyaran firji ya zo da hantsi,
ya cire wa tsohon firjinmu zuciya,
ya dasa masa wata mai hura zafi.
Akwatin da ya shekara goma yana sanyaya ruwa
yau shi ne kaza,
ƙwai ɗari da ashirin a cikinsa,
ba fiffike, ba ƙoto.

Ya nuna min ma'auni, ɗan allo kamar kwalin ashana,
jajayen lambobi suna ƙifta ido.
Ya ce: Hapsatu, talatin da bakwai da rabi,
nan wutar kamfani za ta riƙe.
Maɓalli na biyu na batir ne,
ɗan jiran gida mai kwana da takalmi.
Ke za ki faɗa masa yaushe zai tashi.

Na ce ya tashi da zarar zafi ya gusa mana.
Ya yi dariya, ya goge hannu a wando.
In kin matso da shi kusa,
ko ƙofa kika buɗe don juya ƙwai zai zabura,
ya ƙarar da ƙarfinsa a banza,
daren da ake nemansa a tarar da gawa.
In kin nisanta shi, ya yi ta minshari
har sanyi ya taɓa gwaiduwa.
Ya karɓi jaka shida, ya hau babur,
ya bar ni da tazarar.

Na sa rabin digiri, don ni matsoraciya ce.

Ngaundare a tsakiyar damina.
Kwana uku ruwa bai ɗauke ba,
dutsen bayan gari ya lulluɓa har ka,
bango na gumi, ashana ta ƙi kamawa.
Bayan isha suka ɗauke wuta,
Baladji duka ta yi ɗif.
Ɗan jiran gida ya tashi, ya yi ta maza,
ƙarfe uku ya faɗi.

Na hura gawayi, na tafasa ruwa,
na cika kwalabe huɗu,
na naɗe su da tsohon zanen Inna.
Ina tsugune sai tari daga ɗakin Baffa Sali.
Wa ke dafa shayi da tsakar dare?
Na taɓa ƙafarsa, kamar gindin randa.
Shi ba allo a goshinsa,
ba lambar da za ta yi ja.
Kwalba ɗaya ta tafi ƙarƙashin bargonsa,
uku suka shiga firji.
Na zauna tsakanin ƙofa biyu
har jirgin Yawunde ya yi kuka.

Washegari na ja maɓalli zuwa digiri biyu,
batir ya kai asuba da sauran numfashi.
Rana ta goma na haska ƙwai da tocila:
jijiyoyi ja kamar saiwar albasa,
sai sha ɗaya, shiru,
ruwa kawai da inuwa.
Ban san wane dare ya cinye su ba,
na tsoro ko na tsimi.

Na mayar ɗaya da rabi.
Na rubuta da gawayi a jikin ƙofa
don kada hannun yara ya gyara min.

Kwana ashirin da ɗaya, da sassafe,
wani ya ƙwanƙwasa daga ciki.
Baffa ya dogaro sanda ya zo kallo,
ya ce wannan jiƙaƙƙen ya yi kama da kawunki.
Tasa'in da huɗu muka ƙirga,
ɗaya da karkataccen wuya, shi ma yana ci.

Jiya Bobbo ya tsaya a bakin zaure
bai kashe babur ba.
A nawa kika bar shi?
Na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya yi.
Ban gaya masa ba
har yanzu in wuta ta ɗauke
kafin batir ya ce ƙyas
na riga na sauko da ƙafa,
ina lalube inda na ajiye kwalabe.