A Bayan Takardar Kuɗin Wuta

A bayan takardar kuɗin wuta na zana hanyar,
da biron da ba ya rubutu sai an hura masa numfashi.
Nan Gangare, nan Bukuru, nan inda kwalta ta gaji ta tsaya.
Wannan zanen mai karkace shi ne kogin,
ko da yake Lantana ta leƙo ta kafaɗata
ta ce ya fi kama da tana.

Ƙarfe shida za mu tashi.
Na rubuta shida, na san bakwai da rabi ce,
don Gyang bai taɓa riga rana fitowa ba
tun muna yara, muna jifan kwaɗi a kududdufan kuza.

Mai, lita ashirin, in gidan man Mudi bai rufe ba.
Tayar baya tana sace iska cikin dare.
Kuɗin shinge ban rubuta shi ba,
na dai ware 'yan canji a aljihun ƙirji.

Gyang ya ce gonar kawunsa tana can ƙasan kwari,
inda dutse ya hau kan dutse ya zauna
ba siminti, ba magini,
inda ƙerana ke gadin gonaki ba albashi.
Ya ce tsoho Davou ya ɗora inabi bisa waya,
layi bayan layi, kamar shanyar gida mai 'ya'ya da yawa,
gajimare kuma kan sauko ya kwana a kan ruwan,
sai hantsi ya tashe shi.

Tsohon yakan matse, ya toshe kwalba, ya bar ta ta shekara.
Wannan na Gyang ne.
Nawa shi ne na ranar, wanda bai kwana ba,
wanda bai koyi wani hali ba tukuna.
Shekara arba'in muna haka,
shi da kofinsa, ni da nawa, inuwa ɗaya.

Sai dai an yi wasu shekaru
da ban iya bi ta unguwarsu ba, shi ma bai iya bi ta tamu.
Mukan gaisa ta waya, a gajarce,
kamar waɗanda bashi ya shiga tsakaninsu.
Ban zana wannan a takardar ba.
Ba wuri.

Azahar za ta same mu wajen gada.
Akwai falalen dutse, in ji shi, sumul kamar an share,
ruwan alwala kuwa ga shi nan yana wucewa kyauta,
sanyinsa zai tuna maka sunan kakarka.
Shi zai tsare min takalma daga awakin mutane.

Chundung ta yi alkawarin gwaten acca a kula.
Lantana za ta soya dankali, ta dafa ƙwai shida,
ta ƙulla yaji a leda.
Ita ba za ta ba, gwiwa ta hana,
amma ta ce kada in kuskura in dawo mata
da irin na bakin titi, mai kwali, ɗan ƙasar waje.
Tana son wanda ƙasa ke jikinsa,
ko da tsami, ko da tsuntsu ya riga ta ɗanɗanawa.

Abin da na kasa shiryawa shi ne sama.
Tun la'asar hadari ke leƙowa ta kan duwatsun Shere,
ruwan garin nan kuwa ba ya sallama,
sai dai ka gan shi a tsakar ɗaki.
Na rubuta laima. Na soke. Na sake rubutawa.

Ina cikin lissafin dawowa kafin magariba
aka ɗauke wuta.
Lantana ta ce, daga cikin duhu,
da ka juya takardar da ka ga dalili.

Na ninke kogin gida huɗu,
na sa shi a cikin hula,
na ajiye hular kusa da makullin mota.