Reshe Biyu a Samaru

Kwamfuta biyu gare ni a ɗakin nan,
bayan shagon mai walda.
Ta hagu tsohuwa ce, murfinta har ya yi tsatsa.
Tsayayyen reshe take ɗauke da shi,
shekara biyu ke nan bai sauya ko wasali ba,
sai facin tsaro da ke leƙowa jefi-jefi
kamar gaisuwar suruki.
A cikinta sunayen majinyata dubu uku suke kwana,
na ƙaramin asibitin Malama Lantana a Hayin Dogo.
Ko atishawa ba na yi kusa da ita.

Ta dama ita ce ta gwaji.
Jiya ta farka ba ta gane firinta ba,
shekaranjiya ta haɗiye ƙugiyar ɗa da ta ƙa,
ta mayar mini da ƙasa kasa.
Na zauna har aka kira assalatu
ina rubuta wa mutanen da ban taɓa gani ba:
ga abin da na danna, ga inda ta ƙware, ga lambar kuskuren.
Wani ya amsa daga inda rana ba ta faɗi ba tukuna,
ya ce in sake gwadawa.
Na sake. Nefa ta ɗauke wuta.

Barau, ɗalibina, ya hawo babur tun daga Kwangila
don ya ce mini tsoro ne ke damuna.
"A zuba sabon ko'ina mana, Malam, duniya ta wuce!"
Ban yi masa gardama ba,
don da safe Lantana ta bugo:
sabuwar na'urar hoton da ta sayo da bashi
tsohon reshe bai san harshenta ba.
Zaman lafiya ma da kuɗinsa ashe.

Sai na tuna Kaka Tanimu a Bomo.
In malaman gona suka kawo masa sabon iri,
ba ya ƙi, ba ya rawar kai.
Kunya huɗu yake ware masa can gefen kuka,
sauran gonar ya bar wa dawar da ya sani.
Damina ɗaya yana kallo. Wani lokacin biyu.
Wanda ya jure tsutsa da yankewar ruwa
shi ke shiga rumbu.
Ba a gwada zurfin Kubanni da ƙafa biyu, in ji shi,
amma wanda bai tsoma ko ɗaya ba
a wannan gaɓar za a yi masa sutura.

Don haka na ba Barau ta dama,
na ce ya karya ta iya ƙarfinsa,
ya rubuta kowace karaya da kwanan wata.
Gyaran na'urar hoton kaɗai na ciro daga sabon reshe,
na dasa a tsohon, a hankali, bayan na kwafe komai,
hannuna na rawa kamar mai zare ƙaya daga idon jariri.

Ƙarfe tara Lantana ta turo saƙo: ya yi.
Kalma biyu, babu ko na gode.

Ta dama kuwa ta sake mutuwa da la'asar.
Barau na can yana dariya, yana neman biro.