Kajin Yalwa

Ran da muka dawo daga maƙabarta, Yalwa,
zaure cike, ana ta shafa fatiha,
su kuwa suna gindin turmi a tsaye,
su bakwai, da zakaran nan mai karyayyen zanko,
suna jiran hannun da ya riga ya tafi.

Shekara talatin da ɗaya muna gida ɗaya,
ban taɓa sanin inda kike ajiye dusa ba.

Da asuba na ɗebo gero a ƙoƙo,
na ce kur-kur-kur, yadda nake ji kina yi.
Suka watse kamar sun ga shirwa.
Wake-waken ta haye katangar zana
ta karkata kai, ta dube ni da ido guda:
wane ne wannan mai muryar garma?

Tabawa ta leƙo ta kan danga tana dariya.
Ta ce, Malam Ilu, ai ba a tsaye ake yi ba,
tsayinka ya yi musu yawa, inuwarka ma haka.
Tsuguna. Rage fara'a. Kada ka miƙa hannu.
Kaza ba ta son mai gaggawar a so shi.

Na tsuguna, gwiwa tana ƙara,
kwana tara ina zuba tsaba kusa da ƙafata,
kullum ina rage taku ɗaya.
Ran na goma baƙar sagarar nan
ta tsinci ƙwaya a kan babban yatsana.
Ban motsa ba. Ko numfashi sai da na roƙa.

Yanzu na san abubuwa, Yalwa.
Na san kasko yana son wanki kafin ruwa,
da ɓawon maɗaci a ciki in zafi ya matso.
Na san toka mai sanyi a ƙasan akurki
ita ce ke korar ƙuma.
Ina tona gara a bayan rumbu da sassafe
in kawo wa 'yan tsaki a tsohon kwano,
ni da na ce wannan aikin yara ne.
In za a kama kaza, a bari sai duhu,
tafi ɗaya a kan fiffike, ɗaya a ƙarƙashin ƙirji,
sai ka ji zuciyarta tana buga maka hannu
kamar mai sallama a ƙofar da ba ta sani ba.

Ba duka na iya ba.
Na manta murfin akurki daren wata Laraba,
muzuru ya ɗauki fingin da kike ji da ita.
Gashinta kawai na tarar har bakin rijiya.
Na share, na yi shiru, ban gaya wa kowa ba,
sai ke, yanzu.

Ɗanmu Sabi'u ya zo daga Ringim
ya ce a kai su Gujungu ran Lahadi,
kuɗin ya fi wahalar, Baba.
Ai sabo da kaza ba ya hana yanka.
Na ce haka ne, ba ya hanawa,
amma wuƙar gidan nan ta dakushe,
kuma ban san inda uwarka take ajiye dutsen wasawa ba.

Wake-waken ta yi kwanci a cikin tukunyarki,
fasasshiyar, wadda na ce a jefar tun bara.
Ƙwai goma sha ɗaya, tara suka ƙyanƙyashe.
In na kai hannu takan hura wuya,
ta sare ni kaɗan, don kada in manta matsayina,
sannan ta bari.

Da magariba ina ƙirga su a ƙofar akurki.
Kullum lissafi yana cika,
kullum ina sake ƙirgawa.