Baki Biyu a Quehui

Jirgin fito ya sauke mu a tsibirin Quehui da hantsi,
ruwan sama na dukan kwanon asibiti kamar yana bin sa bashi.
Don Eleodoro na gaba da jakar kayan aiki,
ni ina baya, rungume da rauta a cikin kwali
kamar jaririn wata da aka ba ni riƙo.

Zaren ya riga mu isowa.
Ya ratso ƙasan teku, ya hau tudu, ya bi gefen gonar dankali,
ya shigo ta hujin bango ya tsaya yana jira,
rawaya, siriri, kai biyu, kowanne da 'yar hularsa.
Cikinsa gilashi ne, bai kai kaurin gashin girata ba.

"Yasna, kar ki leƙa bakinsa.
Hasken da ke ciki, ido ba ya ganinsa,
amma shi yana ganin ido."

Na cire hula. Na goge kan da ƙyallen sifirit,
sau ɗaya, ban koma ba,
don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya zama dutse a kan hanya.
"Kar ki lanƙwasa shi da ƙarfi.
Haske ba ya son kwana mai kaifi,
zai fice ta gefe ya bar ki da zare."

Na tura. Ƙas!
Ƙarar ba ta fi ta ƙuma a bakin farce ba.

Muka zuba wa 'yar fitilar ido.
Shiru.
Nas Herminia ta leƙo da butar shayi,
ta ce akwai hoton ƙirjin wani masunci
da ke jiran likita a Castro tun ranar Talata.
Fitila ko gezau.

Na fara zargin teku, na zargi anka, na zargi ɓera.
Dattijon bai zargi kowa ba.
Ya ɗora mita a kan zare ɗaya, ya ga haske na zuwa,
ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ga haƙora ba.
"Kin haɗa baki da baki.
Na can yana magana, na nan yana magana,
kunnuwan kuma suna zaune suna sauraren juna."

Na zare, na juya, na dama ya koma hagu.
Hannuna na rawa don sanyi, ko don kunya, oho.
Ƙas!

Ɗaya. Biyu. Na kai shida.
Kore.
Sai ta fara ƙifta ido kamar wadda aka tasa daga barci.

Herminia ba ta ce mana sannu ba,
ta riga ta zauna gaban kwamfuta,
haƙarƙarin masunci na tsallaka ruwa ba jirgi ba matuƙi.

Na ɗaure rarar zaren a da'ira mai faɗin tafin hannu,
na rubuta lamba, na manna.
Hulunan biyu na jefa a aljihun riga.

A hanyar komawa igiyar ruwa ta yi ƙarfi.
Don Eleodoro ya ciro wayarsa,
ya daɗe yana kallon wani suna,
ɗansa ne, na sani, wanda ke haƙar tagulla can arewa.
Ya mai da ita aljihu.
Ya sake cirowa.

Na kau da kai, ina kallon tsuntsayen teku,
hulunan nan biyu na sukata a ƙirji.